Zamna, Irmiya

Talata, 4 ga Afrilu, 1978

Yau wasu mutane uku sun auna gidanmu. Alhaji Haruna ne ya kawo su a sabuwar fijonsa, babban ɗan marigayi Alhaji Ƙasimu mai hatsi, wanda katangarsu ke jikin tamu. Suka ja tef daga bakin kwata har gindin dogonyaro, suka kafa turakun siminti huɗu. Ɗaya yana daidai inda Mama ke shanya.

Ina leƙe ta labule sai Baba ya ce in kawo musu ruwa. Garin miƙawa na zuba wa ɗayansu a takalmi.

Haruna ya ce, "Baba Irmiya, kak ka damu, awo na kawai."

Awo ne kawai. A shagon Baba na girma, ban taɓa ganin an auna katako an mayar da shi yadda yake ba.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Alhaji Ƙasimu.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na tambayi Baba ina takardar gidan nan. Ya ci gaba da goge ƙofar da yake yi, ya ce babu.

Ga abin da ya faɗa mini, ina rubutawa don kada in manta. A 1957 ya zo Sakkwato daga Kagoro da akwatin kayan aikinsa. Ya yi wa Alhaji ƙofofin rumbun hatsi. Da ya gama, Alhaji ya kai shi kangon da ke gefen gidansa a nan Tudun Wada, ya nuna da sanda, ya ce, "Zamna, Irmiya." Haka Sakkwatawa ke cewa zauna. Shi ke nan. Baba ya gina ɗaki uku da shago da hannunsa, daga baya ya sa kwano. A ɗakin tsakiya aka haife ni.

Na ce, zamna na shekara nawa? Ya ce bai faɗa ba. Na ce wa ya ji? Ya ce liman ya ji, amma ya rasu. Sai Inna Rabi, matar Alhaji, tana bayan ƙyaure.

"Rifkatu, Allah ma ya ji."

Na so in ce ba a kiran Allah shaida a kotu. 

Lahadi, 9 ga Afrilu

A coci ba wanda ya saurari wa'azi sosai. Ana fitowa kowa sai zancen sabuwar dokar da sojoji suka kafa, wai duk ƙasa ta koma hannun gwamnati, wanda ke da gini ya nemi takarda. Wani ya ce masu gida sun shiga uku, wani ya ce 'yan haya ne suka shiga. Mu ban san ko su wa ne mu ba a cikin biyun.

Asabar, 15 ga Afrilu

Kawu Yohanna, ƙanen Mama, ya zo da fom. Masinja ne a wata ma'aikata, don haka ba abin da bai sani ba. Aka ce ni zan cika tunda ni ce mai aji huɗu a sakandare.

Suna, na rubuta. Unguwa, na rubuta. Layi na shida yana tambayar yadda mutum ya sami filin, an jera biyar: saye, gado, kyauta, haya, aro.

Kawu ya ce, "Sa saye. Shaidu biyu ni zan kawo, masu gemu ma in ana so."

Baba ya ce bai saya ba.

Mama ta ce, "To kyauta."

Baba ya ce Alhaji bai ce ya ba shi ba.

Na ce a hankali, ko aro?

Kawu ya buga cinya. "Aro! Baban Rifkatu, ka ji 'yar makaranta. Abin aro ai ranar da mai shi ya tashi da ciwon kai yake karɓar abinsa."

Baba ya ce in duba da kyau, ko akwai wurin da aka rubuta zamna. Ba wasa yake yi ba. Na duba har bayan takardar.

Fom ɗin yana cikin littafina na lissafi, layi na shida a buɗe.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Fijon ta tsaya a ƙofarmu, wani mai tabarau ya fito ya kalli shagon Baba ya koma. Bai gaida kowa ba.

Talata, 2 ga Mayu

An koma makaranta. Kamar kullum na tafi tare da Hasana, autar Alhaji, ajinmu ɗaya tun firamare. A hanya ta ce Yaya Haruna ya ce za a zuba wa titinmu kwalta, ma'aikata sun cika gari, duk mai shago a bakin titi ya warke. Tana faɗa tana kallon bangonmu.

Wataƙila kallo ne kawai. Amma me ya kawo zancen? Kuma me ya sa ta tambaye ni ko Kawu yana yawan zuwa?

Na ce mata ban sani ba. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai yau.

Lahadi, 7 ga Mayu

Kawu ya ci abincin rana a nan, ya tayar da maganar indararo.

Kowace shekara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna Rabi takan aiko a ce wa Baba sama ta fara. Sai ya ɗauki tsani ya hau soron gidan Alhaji, ya cire indararon da suka ruɓe, ya sa sababbi don ruwa ya zuba a waje. Ba ya karɓar komai. Inna takan aiko da fura a ƙwarya. Tun kafin a haife ni ake haka, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Kawu ya ce, "Wannan shi ne kuɗin haya, ba ku gane ba. In ka hau soron nan bana, ka sa hannu ke nan cewa kai ɗan haya ne. Lauya zai ce shekara ashirin da ɗaya yana biya da gumi."

Baba ya yi dariya ya ce gumin nasa bai san lauya ba. Amma da Kawu ya tafi na ji yana ce wa Mama, tunda aka kafa turakun nan bai san matsayinsa ba. In sun aiko zai je. In ba su aiko ba, ya san an sallame shi.

Na je ɗakin karatu na makaranta ranar Juma'a, babu littafi ko ɗaya a kan wannan. Ina jin kunyar tambayar malami, kada a ce gidanmu ba namu ba ne.

Talata, 16 ga Mayu

Hasana ta shigo bayan la'asar. Baba yana Mabera, yana sa tagogi a wasu sababbin gidaje, Mama ta tafi kasuwa. Ta ce Inna ta ce a gaya wa Baba sama ta fara.

Na ce to.

Ban gaya masa ba.

Na yi tunani sosai, ba da wasa na yi ba. In da gaske tarko ne, to yanzu suka ɗana shi. Me ya sa ba su tumɓuke turakunsu ba in har suna son mu? Su auna mu a Afrilu, su aiko mu hau soro a Mayu.

Litinin, 22 ga Mayu

Ta sake kawo saƙon, a hanyar makaranta. Na ce Baba aiki ya yi masa yawa.

Da yamma Baba ya fito da tsaninsa ya ɗaure matakin da ya saki, ya jingine shi a bakin shago. Ya tambayi Mama ko wani ya zo. Ina wanke kwano, ban ɗago ba.

Talata, 30 ga Mayu

Jiya da azahar aka yi ruwa, na farko, kamar da bakin ƙwarya. Indararo biyu na ɗakin Inna a toshe suke, ruwan ya kwanta a kan soro. Da safen nan gefe ɗaya ya rufta. Ba wanda ya ji rauni, tana tsakar gida. Amma gadonta da kayan jerenta da buhunan gero duk suna ƙarƙashin laka.

Ban iya cin komai ba.

Laraba, 31 ga Mayu

Haruna ya zo. Mama ta shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama. Hasana na bayansa.

"Sau biyu anka aiko, Baba Irmiya. Sau biyu."

Baba ya ce ba wanda ya aiko masa.

Sai Haruna ya fara magana da ƙarfi, ban taɓa jin sa haka ba. Wai tun rasuwar Alhaji, Siddiƙu, ƙanen Haruna, yake so a sa filinmu cikin gado a sayar wa ɗan kwangila a raba. Shi kuma ya kawo masu awo ne don alƙali ya sa filin a rabonsa, mu ci gaba da zama. Inna ce ke tare masa, tana cewa da kunnenta ta ji abin da Alhaji ya faɗa. Yanzu Siddiƙu yana cewa ga shi nan, kafinta ya ƙi hawa soro, ya karɓo fom, yana nufin filin nasa ne. Inna kuma ta yi shiru.

"Hilinga ba ni ɗai ka da shi ba. In Inna ta janye, ba ni da bakin magana."

Baba ya sake cewa, wallahi ba a aiko masa ba. Baba ba ya rantsuwa.

Hasana ta kalle ni. Ba ta tona ni ba. Na kau da kai.

Amma ta yaya suka san da fom?

Alhamis, 1 ga Yuni

Na gaya wa Baba, a shago. Na shirya maganar tun a makaranta, da dalilaina a jere, sai duk suka tsere. Na ce, "Ni aka ba saƙon."

Ya ajiye zarton da ke hannunsa. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Wa ya sa ki?" Na ce ba kowa, tsoro nake kada a kore mu.

Ya ce ba shi zan gaya wa ba. In ɗauki mayafi in shiga wurin Inna.

Juma'a, 2 ga Yuni

Tana ɗakin baƙi yanzu, an shanya katifarta a rana. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa, idona a ƙasa.

Ta ce, "Ke? Ke da ba a jin muryarki ko kuka kina jaririya?"

Na ce ni ce, Inna.

"Ni na yanke maki cibi, ɗiyar nan. Boko ta koya maki riƙe saƙon tsohuwa? Aji nawa aka koya shi, in sa a hidda Hasana kahin ta kai?"

Matan gidan suka yi dariya. Ni kuka nake. Na ce an ce mana gyaran indararo haya ne.

Ta tafa hannu. "Haya! Da haya ta, ai da kuɗi za mu amsa mu kira magini. Wa ka biyan haya a ba shi hura?"

Ta ce abin da ya ƙona mata rai ba soron ba ne. Ta zaci Irmiya ya ga Alhaji ya kwanta dama ya ɗauke ƙafa. Sannan ta ce in tashi in daina jiƙa mata tabarma, ruwan da ya shigo ya isa.

Da zan fita Hasana ta ce fom ɗin, Kawu ne da kansa ya ba da labarinsa a wurin mai shayi. Ba ta jira amsata ba.

Asabar, 3 ga Yuni

Baba ya wuni a kan soronsu da magina, yana jera azara.

Talata, 6 ga Yuni

Na yi ta juya maganar Haruna. Ta yi daɗin ji, amma ko ta yaya aka yi filin a hannunsa zai ƙare. In niyyarsa mai kyau ce, me ya hana shi faɗa ranar awo? Kuma mai tabaran nan da ya kalli shago, a motar wa ya zo? Ba a ta Siddiƙu ba.

Laifina daban, wannan daban. Kada in haɗa su.

Asabar, 17 ga Yuni

An zauna a zauren mai unguwa, Malam Tambari. Baba ya tafi da ni don in karanta masa takardar, an buga ta da Turanci. Maza goma sha ɗaya, ni kaɗai mace, a bakin ƙofa kusa da takalma.

Inna ta aiko da shaidarta ta bakin ƙanenta, kalma biyun nan ba ƙari. Abin da suka shirya shi ne: filin ya shiga rabon Haruna. Gaban gidan, inda shagon Baba yake, Haruna zai rushe ya gina shaguna, Siddiƙu ya sami ɗaya. Ɗakuna uku da tsakar gida, Baba zai zauna muddin ransa.

To ga mai tabarau. Ashe ban yi kuskure duka ba.

Baba ya gyaɗa kai. Na karanta masa a hankali, na sake karantawa a zuciyata. Muddin ransa. Sunansa kaɗai.

Ban san lokacin da na ce, "To Mama fa?" ba. 

Siddiƙu ya ce, "Wagga kuma wa ta? Yara ka magana a zaure yanzu?"

Mai unguwa ya ce a bar ta. Na ce, in Baba ya riga Mama, takardar nan ba ta san ta ba. 

Siddiƙu ya ce ai shaidar a fili take. Alhaji zamna ya ce, bai ce ku zamna ba. Mutum ɗaya ya ba.

Mai unguwa ya tambayi Baba ko yana da aure a ranar. Baba ya ce Monica, wato Mama, na tsaye a bayansa da ƙullin kaya a ka.

Malam Tambari ya shafa gemu. "Siddiƙu, in baƙo ya zo gidanka kac ce mai zamna, matatai tsaye kaka barin ta hat ta mutu?"

Zauren ya fashe da dariya, har Haruna. Aka karɓi takardar aka ƙara sunan Mama da biro, kowa ya sa hannu a gefen gyaran. Ni na ce a sa hannu a gefen, a littafin kasuwanci na gani.

Sunana ba ya ciki. Bayan su biyu, gidan da aka haife ni na Haruna ne. Na so in sake magana, Baba ya taɓa mini hannu.

A hanya ya ce, "Kin yi magana." Ban gane ko yabo ne ba.

Lahadi, 18 ga Yuni

Kawu ya ce an cuce mu da rana tsaka, da mun sa saye da yanzu muna da satifiket. Mama ta ce ya ci tuwonsa ya yi shiru. Na mayar masa da fom ɗinsa.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya: da soron bai rufta ba, da shagon ya tsira?

Laraba, 28 ga Yuni

Sun rushe shagon. Baba da kansa ya cire ƙofar da kwanon, ya ce ba ya so a lanƙwasa su. Yanzu a gindin dogonyaro yake aiki, in hadari ya taso mu kwashe katako da gudu.

Hasana ta jira ni a bakin kwata yau. Sai da muka kai kasuwa ta ce ko na yi aikin lissafi.

Asabar, 8 ga Yuli

Haruna ya yi sallama da hantsi, ba Baba yake nema ba. Ya zauna a tabarma wannan karon, yana ta juya makullin mota. Ya ce mai tabaran nan zai karɓi hayar shagunan da za a gina, ukun gaba ɗaya har da na Siddiƙu, na shekara tara, ya kawo takarda, Litinin za a sa hannu. Turancin Haruna na kasuwa ne, kuma akawun mutumin ne ya karanta masa. "Ke da ba ki yarda da kowa, duba min."

Shafi uku. A na biyu, layi na huɗu, an rubuta shekarun da kalmomi, ba da lamba ba. Casa'in da tara.

Na karanta sau biyu. Na tuna shagon Baba. Ba abin da zai same ni in na miƙa masa na ce daidai ne, kuma ba wanda zai taɓa sani. Na riƙe takardar har ya ce lafiya?

Na sa yatsa a kan layin na fassara masa.

Ya yi salati ya miƙe, ya koma ya zauna. Ya ce in ci gaba, kada in tsallake ko ɗigo. Na sami wasu wurare biyu, na ja musu layi da fensir. Mama ta kawo masa kunu, ya sha bai sani ba.

Ya ce gobe bayan coci zai kawo takardun rumbun kasuwa ma.

Ban ce na yarda da shi ba. Na dai fere fensir biyu.